Bashin Farin Ruwa

Shamuwa ta fara ɗaure kaya,
hadari na tsawa daga nesa, ba ya zubarwa.
A Zamare mun san fassarar wannan:
farin ruwa ya iso, kamar kunun kanwa,
yana tafe da kara, da kainuwa,
da takalmin wani da ya ɓace tun sama da Yelwa.

Kwana shida ina shimfiɗa kalli
a zurfin da ya ciyar da ni da bazara.
Kwana shida ina ɗago shara.
Ƙurungu biyu, sai talibambam guda
da ya kumbura a tafina, yana mini dariya.
Man inji kuwa bashi ne wurin Arzika,
shi ko bai iya mantuwa ba.

Tumba na zaune bakin banda,
hayaƙi ya daɗe da cinye mata farin ido.
Ba ta taɓa riƙe filafili ba,
amma cikin kifi dubu nawa ta tsaga?
Ta fasa ƙurungun da babban yatsa, ta shinshina,
ta ce, "Nomau, dubi abin da ya ci.
Wannan ba lakar gindin tafki ba ce.
Fara ce, da tana, da ɗanyar shinkafa.
Kana tsakiya kana jiran baƙo,
baƙon yana gonarka yana kalaci."

Gonata.
Wadda na daina kallo tun daren da ruwa ya haura,
buhu takwas da na ƙirga a zuci
suka kwanta, kamu uku ƙarƙashin kwale-kwale.

Na kashe inji, na ɗauki gwangwala.
Kifin farkon kaka ba ya son hayaniya,
kuma a ruwa mai duhu hanci ne idonsa.
Na soya dusa har ta yi ƙauri,
na cuɗa da laka, dunƙule-dunƙule,
na jefa cikin gura goma sha biyu,
bakin kowace na kallon inda ruwa ya nufa,
don kifi hawa yake, ba ya bin gangara.
Birgi na bar shi rataye a gida,
karan shinkafa zai yaga shi a banza.
Mari-mari na ja ta gefen burgu,
inda sanyi ke fara sauka kafin asalatu.

Can na ga sheƙar yauni tana lilo,
ciyawa a naɗe kamar gammo.
Na janye hannuna, na ba ta hanya.
Mai tsaron ƙwai ba a yi masa sallama da yatsa,
kuma baɗi ma muna son miya.

La'asar ta zo da iskar gabas,
irin ta bankwanan damina, mai kifar da jirgi.
Na ɗaure a gindin giginyar kan iyaka,
wadda nake jingina fartanya da ita.
Yau igiyar jirgi ce a wuyanta.

Da asuba gurar farko ta ƙi tasowa.
Na sa hannu biyu, na kira sunan Allah.
Karfasa, karfasa, tarwaɗa mai gemu,
suna bugun juna a kan kunyar da na yi da kaina.
Na yi dariya ni kaɗai,
har zalɓe ya tashi ya bar mini wurin.

Tumba ta ƙirga ba ta ɗago kai ba.
Arzika ya lashi yatsa ya soke layi ɗaya.
Abin da ya rage na kai kasuwar Yelwa,
na auno shinkafar wani, tiya huɗu.

Tafkin nan ya ci garin kakana tun ban zo ba,
bana ya haɗa da gonata.
Yana biya, ban ce ba ya biya ba,
sai dai da mudunsa yake awo,
kuma sai ka je har inda ya yi maka ɓarna
ka durƙusa, ka miƙa hannu cikin ruwa.